Wa Ya Fara Cin Amana? Tsokaci Kan Kuɗin Macafkan Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya kalli fim ɗin Jerry Maguire, wanda Cameron Crowe ya bada umarni a 1996, da wuya ya manta da Rod Tidwell. Shi ne ɗan wasan nan mai surutu da cika baki, wanda Cuba Gooding Jr. ya fito a matsayin sa har ya samu kyautar Oscar. Tidwell ɗan ƙwallon Amurka ne a ƙungiyar Arizona Cardinals. Kwantiragin sa ya kusa ƙarewa, matar sa na da tsohon ciki, shekaru kuma su na tafiya. Abu ɗaya ya ke damun dillalin sa da shi dare da rana, wato kuɗi. Da ƙungiyar ta yi masa tayin da ya raina, sai ya ƙi sa hannu, ya zaɓi ya ƙarasa kakar wasan ba tare da wani tabbaci ba. Can wajen ƙarshen fim ɗin ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, aka banke shi a sama, ya faɗo ya kwanta ko motsi ba ya yi. Fili ya yi tsit, matar sa a gida ta na kuka a gaban talbijin. Daga nan sai ya farfaɗo, ya miƙe ya na rawa, aka ba shi kwantiragin dala miliyan 11.2, kowa ya tashi daga kallo da farin ciki.

Lokacin da na fara ganin fim ɗin nan, ni ma da farin cikin na tashi. Amma da na sake kallon sa kwanan baya, sai wata tambaya ta tsaya mani a rai: to da bai tashi ba fa? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin wasan, don ba kowa ya saba da shi ba. Sunan sa dai ƙwallon ƙafa, amma galibin aikin da hannu ake yi, ya fi kama da zari-ruga. Mutum sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kuma burin masu riƙe da ƙwallo shi ne su kai ta gidan abokan karawa. Hanya biyu ce. Ko dai a miƙa ta ga wani ƙaƙƙarfa ya rungume ya kutsa cikin mutane da ita, wanda za mu kira ɗan dako, ko kuma jagoran 'yan wasan, wato mai jifa, ya wurga ta can nesa. Wanda ke shararawa da gudu ya kuɓuce wa masu tsaro ya cafe ta a sama shi ne za mu kira macafki. Aikin Tidwell kenan. Babbar gasar wannan wasa ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32, kuma wasan ta na ƙarshe shi ne Super Bowl.

To, kuɗin macafkan nan ne ya yi tashin gwauron zabo. A watan Maris na 2022 ƙungiyar Jacksonville ta bai wa Christian Kirk, wanda ba a ma lissafa shi cikin zaratan farko, dala miliyan 72 na shekara huɗu. Kafin watan ya ƙare Davante Adams ya bar Green Bay ya koma Las Vegas Raiders a kan kimanin miliyan 140 na shekara biyar, Tyreek Hill kuma ya bar Kansas City ya koma Miami a kan miliyan 120 na shekara huɗu, wato miliyan 30 a shekara. A Afrilu A.J. Brown ya bar Tennessee ya koma Philadelphia a kan miliyan 100. A Yunin 2024 Justin Jefferson na Minnesota ya karɓi miliyan 140 na shekara huɗu, miliyan 35 kenan a shekara. A Maris na 2025 Ja'Marr Chase na Cincinnati ya sa hannu a kan miliyan 161 na shekara huɗu, fiye da miliyan 40 a shekara. Wasa 17 ake bugawa a kaka kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. In ka raba, abin da Tidwell ya kusa karya wuya a kan sa a fim, Chase ya haɗa shi kafin ya gama wasa biyar.

Da na karanta wa wani aboki na, malamin makaranta, waɗannan alƙaluma, sai ya riƙe baki ya ce, "Kai malam, wannan ai hauka ne! Don mutum ya iya cafe ƙwallo? Likita nawa za a biya da wannan kuɗi? Kuma ka duba, duk sun gudu sun bar ƙungiyoyin da su ka rene su. Ba kunya, ba halacci." Maganar sa ta ƙunshi tuhuma biyu: cewa kuɗin ya wuce hankali, da cewa 'yan wasan maciya amana ne. Ni kuma na ƙara masa da ta uku, wadda na ke ganin ta fi waɗancan nauyi. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ba ta da wuyar amsawa, duk da cewa ita ta fi saurin kama zuciya. Kuɗin nan ba daga baitulmali ya fito ba, ba kuma daga kasafin asibiti aka zaftare shi ba. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniya da gidajen talbijin na CBS, Fox, NBC da ESPN da kuma kamfanin Amazon, ta kimanin dala biliyan 110 a shekara sha ɗaya. Bisa yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a 2020, kusan kashi 48 cikin ɗari na kuɗin shiga ne ke zuwa ga 'yan wasa, sauran na masu ƙungiyoyi ne. Saboda haka duk dalar da aka hana Jefferson, ba aljihun likita ko malamin makaranta za ta faɗa ba, aljihun attajirin da ya mallaki ƙungiya za ta koma, ko na wani ɗan wasan. Su kuwa attajiran ba su cikin wani hali. Ƙungiyar birnin Washington da aka saya dala miliyan 800 a 1999, an sayar da ita fiye da biliyan 6 a 2023, kuma mai ita bai taɓa karya ko ɗan yatsa a fili ba. Abin mamaki, ban taɓa jin an kira wannan riba hauka ba. Sai yaron da ya fito daga gidan talakawa ya samu miliyan 30 ne ido ke yin ja. Idan al'umma ta fi son kashe kuɗin ta wajen kallon wasa a kan biyan malamai, wannan abin a zauna a tattauna ne, amma laifin na masu kallo ne, har da mu, ba na wanda ake kallo ba.

Akwai ma wani lissafi da ba a cika yi ba. Tun 1994 NFL ta kafa geji, wato iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashin 'yan wasan ta a shekara. A waccan shekara gejin dala miliyan 34.6 ne, ka ga kenan albashin Jefferson shi kaɗai ya haura na ƙungiya sukutum a 1994. Amma gejin ya na tashi ne tare da kuɗin shiga: miliyan 120.6 a 2012, miliyan 208.2 a 2022, miliyan 255.4 a 2024, miliyan 279.2 a 2025. A 2012 Calvin Johnson na Detroit ya karɓi miliyan 132 na shekara takwas, wato miliyan 16.5 a shekara, kusan kashi 14 cikin ɗari na gejin lokacin. Na Hill a 2022 kashi 14 ne da ɗan ɗoriya. Na Jefferson a 2024 kusan 14. Na Chase a 2025 shi ma 14 da ɗoriya. Ashe lomar babban macafki ba ta canza sosai ba, tuwon ne ya ƙaru. Abin da ya canza shi ne yawan masu neman irin wannan loma, domin tun da aka gyara doka a 1978 aka hana masu tsaro dafe macafki bayan yadi biyar na farko, wasan ya yi ta karkata daga dako zuwa jifa, har ta kai ƙungiya ba ta jin ta cika sai ta na da macafka biyu na ƙwarai.

Mu zo ga tuhuma ta biyu, ta halacci, wadda ita ce zuciyar wannan rubutu. Halacci dai kowa ya san shi: wanda ya yi maka rana ka yi masa dare, kada ka juya masa baya don ka hango maiƙo a wani wuri. Hali ne na ƙwarai, babu musu. Amma kafin mu ɗora wa ɗan wasa wannan nauyi, ya kamata mu duba yadda zaman nasu ya faro da yadda ya ke ƙarewa.

Ɗan wasa ba shi ke zaɓar ƙungiyar sa ta farko ba. Idan ya gama jami'a, akwai ranar rabo, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma inda aka jefa shi nan zai tafi, ko ya na so ko ba ya so. Tun 2011 an ma ƙayyade abin da za a biya sabon shiga, babu wani ciniki na a zo a gani. Wanda aka ɗauka a zagayen farko zai yi shekara huɗu, ƙungiya kuma ta na da damar ƙara masa ta biyar. In ta ƙare, akwai wani turke da doka ta ba ƙungiya: ta na iya ɗaure ɗan wasa ɗaya na tsawon shekara guda a kan farashin da aka ƙayyade, ta hana shi zuwa kasuwa, kuma ta na iya maimaitawa. Haka Cincinnati ta yi wa Tee Higgins a 2024, ta sake yi masa a 2025 kafin a daidaita. Jefferson, wanda aka ɗauka a 2020, kwantiragin sa na farko kimanin dala miliyan 13 ne na shekara huɗu gaba ɗaya, alhali a 2022 ya cafe ƙwallo 128 ya ci yadi 1,809, babu kamar sa a gasar. Wato shekarun da jiki ya fi ƙarfi, a farashin gwanjo ake sayen su. Wanda aka ce ƙungiya ta rene shi, in ka duba da kyau, shi ma ya reni asusun ƙungiyar.

Ƙarshen zaman kuwa ya fi farkon sa ɗaci. A wannan gasa, yawancin kuɗin da ake shelantawa a jarida ba tabbatacce ba ne. Akwai ɓangaren da aka lamunce, akwai kuma wanda ƙungiya za ta iya yafe wa kan ta ta hanyar sallamar mutum duk ranar da ta ga dama. Daga miliyan 120 na Hill, kimanin 72 ne aka lamunce. Dubi labarin Davante Adams. Shekara takwas ya yi a Green Bay, sannan ya nemi komawa Raiders, inda abokin sa Derek Carr, wanda su ka yi jami'ar Fresno State tare, ya ke mai jifa. Ka ga wannan ma wani irin halacci ne, na abota. A kakar farko Adams ya cafe ƙwallo 100, ya kai 14 gida. Amma kafin kakar ta ƙare an ajiye Carr a benci, a Fabrairun 2023 kuma aka sallame shi. A Oktoban 2024 aka miƙa Adams ga New York Jets, su kuma su ka sallame shi a Maris na 2025. Shekaru biyun ƙarshe na kwantiragin nan na miliyan 140, waɗanda su ne su ka fi tsoka, a takarda su ka tsaya.

Kada a ce don bai zauna wuri ɗaya ba ne. Jerry Rice, wanda babu macafkin da ya kai shi yawan cafka da yawan yadi a tarihin gasar, shekara 16 ya yi wa San Francisco, ya ci masu Super Bowl uku. A 2001, da shekaru su ka ja, albashin sa kuma ya yi wa geji nauyi, sai su ka sallame shi. Calvin Johnson bai taɓa sa rigar kowa ba sai ta Detroit, shekara tara cur. Da ya ajiye wasa a 2016 ya na ɗan shekara 30, jiki duk ya farfashe, sai ƙungiyar ta nemi ya maido da wani ɓangare na kuɗin sa-hannu, fiye da dala miliyan ɗaya. A bisa takarda ta na da wannan haƙƙi. Amma abin ya yi masa ciwo har ya ƙaurace masu, sai bayan shekaru aka shirya. To, jama'a, idan ƙungiya ta yi irin wannan sai a ce ai kasuwanci ne, idan ɗan wasa ya nemi inda za a fi biyan sa sai a ce maci amana ne. Wannan wane irin ma'auni ne? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Masu kawo misalin Larry Fitzgerald, wanda ya yi shekara 17 a Arizona bai motsa ba, su kan manta da cewa a 2011 ƙungiyar ta ba shi kwantiragin dala miliyan 120 na shekara takwas. Ya zauna, an kuma riƙe shi da daraja. Haka halacci ya ke, hannu biyu ne ke wanke juna. Wanda ya riƙe wa kan sa ikon tsinka igiya duk lokacin da ya so, ba shi da bakin da zai ce wa ɗayan kada ya kuskura ya saki.

Yanzu bari in koma ga tambayar da na fara da ita: da Tidwell bai tashi ba fa? Amsar ta na nan a tarihi, ba a fim ba. Ranar 12 ga Agusta, 1978, Darryl Stingley, macafkin New England Patriots, ɗan shekara 26, ya miƙa hannu zai cafe ƙwallo a wasan share fage da Oakland Raiders. Wasa ne da ko maki ba a lissafawa. Mai tsaro Jack Tatum ya banke shi, ƙashin wuyan sa ya karye. Bai sake takawa da ƙafar sa ba har ya rasu a 2007. A lokacin an riga an gama cinikin sabon kwantiragi da zai sa shi cikin macafkan da aka fi biya, saura sa hannu kawai idan an dawo gida. Ba a taɓa sa hannun ba. Daga baya ƙungiyar ta ɗauki nauyin jinyar sa, amma wancan arzikin ya tafi kenan. Duk wani macafki da ka ga ya dage sai an lamunce masa kuɗi kafin ya shiga fili, ya san irin wannan labari, domin gani ga wane ya ishi wane. Ko a Satumbar 2025, Tyreek Hill, wanda sana'ar sa kaf a kan gudu ta ke, gwiwar sa ta goce a wasa da Jets, kakar sa ta ƙare nan take. Hausawa su ka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wannan kuma raunin da ido ke gani kenan. Akwai na ɓoye. Likitan nan ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, shi ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002 a birnin Pittsburgh, ya gano cutar da yawan gwaruwar kai ke haifarwa, labarin da aka yi fim ɗin Concussion a kan sa a 2015, inda Will Smith ya fito a matsayin likitan. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston su ka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111, su ka samu cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da su ka ga alamun ciwo ne su ka fi bada gawarwakin, don haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka ya ke ba. Duk da haka, wanda ke sayar da gudu da tsalle a wannan wasa, ya na haɗawa ne da wani yanki na tsufan sa. Nawa ne kuɗin wannan?

Sai tuhuma ta uku, wadda na ce ta fi nauyi, kuma a nan ne ni kai na ban da cikakkiyar natsuwa. Tunda akwai geji, tukunya ɗaya ce mutum 53 ke ci daga ciki. Idan mutum ɗaya ya kwashi kashi 14, mai jifa kuma ya kwashi abin da ya fi haka, sauran hamsin da ɗaya su ne za su raba ragowar. Ƙaramin albashin sabon shiga a 2025 dala 840,000 ne. Macafki ba ya cafe komai sai ƙarti biyar sun tsaya sun tare wa mai jifa hanya, su na shan duka a kowane bugu, kuma da wuya mai kallo ya san sunayen su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Cincinnati, bayan an biya mai jifa Joe Burrow miliyan 275 a 2023, aka biya Chase da Higgins a Maris na 2025, sai ga Trey Hendrickson, wanda ya fi kowa kayar da masu jifa a gasar a 2024, ya na ta jayayya da ƙungiyar a kan nasa haƙƙin har zuwa watan Agusta. Ashe ba da attajiri kaɗai macafki ke ja ba, har da abokin da ke zaune kusa da shi a ɗakin canza kaya.

Nan ne kuma za ka gane cewa farashi daban, daraja daban. Babu wanda ya kai ɗan dako shan wahala a fili, shi ke cusa kai cikin ƙarti sau ashirin a wasa ɗaya, shi ne kuma jikin sa ke saurin ƙarewa. Amma a 2023 kuɗin turken ɗan dako dala miliyan 10 ne da 'yan kai, na macafki kuwa ya kusa 20. Josh Jacobs, wanda ya fi kowa cin yadi da dako a 2022, a wannan turke aka ɗaure shi. Kasuwa ba ta tambayar wa ya fi wahala ko wa ya fi cancanta. Abin da ta ke tambaya shi ne wa ya fi wuyar mayewa. Don haka macafkin da ya ɗauka cewa miliyan 40 ɗin sa shaida ce ta cewa ya fi abokin sa daraja sau huɗu, ya ruɗi kan sa. Sa'a ya yi dokar wasa da sha'awar masu kallo su ka karkato wajen sa, kamar yadda a da su ka karkata wajen 'yan dako.

To shin sai ya rage farashi don tausayin abokan sa? Da na yi tunani a kai, sai na ga ba shi aka bai wa ludayin rabo ba. Idan ya yafe miliyan biyar, babu wata doka da ta ce lallai a bai wa wanda ke tare masa hanya. Masu ƙungiya ne su ka nemi geji tun farko don su kare aljihun su, su ne kuma ke yanke shawarar wa za a biya. Su ma ɗin caca su ke yi. Kansas City ta ƙi biyan Hill abin da ya nema, ta karɓi damar ɗaukar sababbin 'yan wasa biyar a madadin sa, ta kuma ci Super Bowl sau biyu a jere, a 2023 da 2024. Tennessee ta yi irin wannan lissafi da A.J. Brown, sai ya ɓaci. A Disambar 2022 Brown ya kai ƙwallo biyu gidan su a rigar Philadelphia, bayan kwana biyu aka kori babban manajan da ya sayar da shi, a Fabrairun 2025 kuma Brown ya ci Super Bowl, a kan Kansas City ɗin ma. Ita kuwa New York Giants ta bai wa Kenny Golladay miliyan 72 a 2021, ƙwallo ɗaya tak ya kai gida a shekara biyu. Ka ga kenan biya ba ya tabbatar da nasara, hanawa ma haka. Tunda ƙungiya na da 'yancin yin lissafin ta ba a kira ta azzaluma ba, ɗan wasa ma a bar shi ya yi nasa.

Sai dai akwai inda na ke tsayawa. Alƙawari kaya ne. Na bambanta yaron da aka ɗaura wa kwantiragin farko ba da cinikin sa ba, irin CeeDee Lamb na Dallas da ya ƙaurace wa atisaye a 2024 har aka ba shi miliyan 136, da babban da ya zauna da dillalin sa da lauyan sa, ya yi ciniki da idon sa biyu, ya karɓi kuɗin sa-hannu, sannan bayan shekara ɗaya ya ga an fi shi ya fara ƙorafi ya na jan ƙafa a fili. Na farkon haƙƙin sa ya ke nema. Na biyun kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma ko a wajen na farkon, da zarar ya sa riga ya shiga fili, bashin da ke kan sa na abokan wasa ne da masu kallon da su ka sayi tikiti, kuma wannan bashi ba ya jiran sai an daidaita da ofis. Kwaɗayi ba a yawan abin da mutum ya nema ya ke ba. Ya na farawa ne daga ranar da mutum ya karɓi cikakken lada ya bada rabin aiki, ko ya ɗauka cewa shi kaɗai ya ɗauki jinka.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, mu masu kallo mu na neman halacci a inda ba a ajiye shi ba. Mu ne ke son riga da tambari tun mu na yara har mu tsufa, sai mu ɗauka ɗan wasa da mai ƙungiya ma haka su ke. Alhali tsakanin su ciniki ne, kuma abin da ake nema a ciniki shi ne adalci: a faɗi gaskiya, a cika mudu, a biya lada kafin gumi ya bushe. Halacci kuwa tsakanin mutum da mutum ya ke rayuwa, ba a rubuta shi a kwantiragi. Lokacin da Stingley ke kwance a asibiti a California, nesa da gida, ƙungiyar sa ta koma gabas ta ci gaba da wasannin ta. Wanda ya yi ta zarya zuwa gefen gadon sa shi ne John Madden, kocin Raiders, wato kocin waɗanda su ka karya shi. Babu takardar da ta tilasta masa, babu kuma abin da zai samu. Su ka zama aminai tun daga nan.

Aboki na malamin makaranta bai sauka daga ra'ayin sa ba, har yanzu ya na ganin kuɗin ya yi yawa, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Abin da na roƙe shi kawai shi ne, ranar da ya sake jin wani macafki ya ƙi sa hannu, kafin ya kira shi maci amana, ya fara tambaya: idan yaron nan ya faɗi gobe bai tashi ba, wa ya yi alƙawarin zai tsaya masa, kuma an rubuta?